Tarihin Ishaku Niyuton, Marayan da Ya Auna Tafiyar Abubuwa

Bana na ga ya kamata in kawo wa masu karatun wannan mujalla tarihin wani mutum wanda kusan babu ɗalibin da ya shiga ajin kimiyya a kwalejin nan tamu ta Zuba bai ji sunansa ba, amma kaɗan ne suka san ko shi wane ne. Shi ne Ishaku Niyuton, mutumin Ingila, wanda za ku tarar a littattafanku an rubuta shi Isaac Newton. Yawancinmu abin da muka riƙe game da shi biyu ne: labarin tuffar da ta faɗo daga bisa itace, da ƙa'idodi uku waɗanda mu ke haddacewa saboda jarrabawa. To, nufina in ba da labarinsa tun daga haihuwa har rasuwa, in kuma daɗe a kan wata magana guda ta cikin littafinsa wadda na ga ta fi wahalad da ɗalibai in sun fita koyarwar gwaji, watau maganar cibiyar nauyi, da abin da ke iya gusad da ita, da abin da ba ya iyawa.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Niyuton a wani ɗan ƙauye wai shi Woolsthorpe, ran 25 ga Disamba, 1642, bisa lissafin kwanakin da Ingila ke bi a lokacin. Bisa lissafin da mu ke bi yanzu ranar ta zama 4 ga Janairu, 1643. Bai cika shekara ba ke nan da rasuwar Galiliyo, babban masanin nan na Italiya. Ubansa manomi ne mai ɗan hali, yana da gonaki da tumaki, amma ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ya rasu wata uku kafin a haifi ɗan. Yaron kuwa bakwaini ne, ɗan mitsitsi, har waɗanda suka gan shi ba su sa masa rai ba.

Yana da shekara uku uwarsa, Hannah, ta sake aure, ta auri wani tsohon limamin Kirista na wani ƙauye kusa da su, ta bar shi wurin kakarsa. Ba ta komo ba sai da mijin ya rasu cikin 1653. Kun ga ke nan ya tashi ba uba, uwa kuma ba ta kusa, ya zama yaro mai shiru, mai saurin fushi, marar abokai. Wannan hali bai rabu da shi ba har ya tsufa.

Da ya kai wajen shekara 12 aka kai shi makaranta a garin Grantham, ya sauka gidan wani mai haɗa magunguna. Can ya shiga ƙere-ƙere. Ya yi ɗan injin niƙa mai aiki da iska, ya yi agogon ruwa, ya yi agogon inuwa a jikin bango. Ana nan, cikin 1659, sai uwarsa ta fitad da shi daga makaranta, ta ce ya zo ya kama gona, tun da ya ke shi ne babba. Noma kuwa bai karɓe shi ba. In an tura shi kiwo sai ya zauna gindin shinge da littafi, dabbobi su shiga gonar mutane, har kotun ƙauye ta ci shi tara.

Mutum biyu suka cece shi. Ɗaya kawunsa ne, William Ayscough, ɗaya kuwa shugaban makarantarsu, Henry Stokes. Shi wannan malami bai zauna yana jiran a mayo masa da yaro ba. Ya matsa wa uwar da lallashi, ya yafe kuɗin makaranta, ya sauki yaron a gidansa, har ta yarda. Ina roƙon ɗalibanmu su riƙe sunan wannan malami, gama a ƙauyukan da za a tura ku za ku tarar da iyaye da yawa masu irin tunanin Hannah, ba kuwa don mugunta ba, sai don gona na bukatar hannu.

A Kambirij

Cikin watan Yuni, 1661, Niyuton ya shiga Kwalejin Trinity ta Jami'ar Kambirij. Ya shiga ne a sahun ɗalibai masu yi wa waɗansu hidima don a rage musu kuɗin karatu. Abin da a ke koyarwa a lokacin yawanci tsohon ilmin Girkawa ne, saboda haka ya kama karanta littattafan sababbin masana shi kaɗai, kamar su Galiliyo, da Kepler na Jamus, da Descartes na Faransa.

Ya sami digirinsa na fari cikin 1665. A shekarar nan annoba ta faɗa wa Landan, ta kashe dubban mutane, aka rufe jami'a, kowa ya tafi gida. Wani da ya sami irin wannan hutu sai barci. Shi kuwa a cikin wajen shekara biyu da ya yi yawancinta a ƙauye ya kafa tushen abu uku manya. Ya gano wata sabuwar hanyar lissafin abubuwa masu canjawa, wadda a ke kira kalkulas. Ya gwada haske da gilashi mai kusurwa uku, ya tabbatad da cewa farin haske gamin launuka ne. Ya kuma fara tunanin ko ƙarfin da ke jawo tuffa ƙasa shi ne ke riƙe da wata a kan hanyarsa. Labarin tuffar shi da kansa ya ba da shi bayan ya tsufa, amma bai ce a kansa ta faɗo ba, wannan ƙarin mutane ne.

Cikin 1668 ya ƙera tabaran hangen taurari mai aiki da madubi. Cikin 1669, yana da shekara 26, aka naɗa shi babban malamin lissafi na jami'ar, ya gaji malaminsa Isaac Barrow. Sai dai ga abin mamaki: duk ilminsa bai iya jawo ɗalibai ba. Wani da ya yi masa aikin rubutu ya ba da labari cewa kaɗan ke zuwa darasinsa, masu ganewa sun fi kaɗan, wata rana ma ba ya tarad da kowa sai bango. Sanin abu daban, iya koyad da shi daban. Dalilin kafa kwaleji irin tamu ke nan.

Babban littafi

Cikin Agusta, 1684, wani masanin taurari, Edmond Halley, ya zo Kambirij ya tambaye shi wace irin hanya tauraro zai bi in rana na jawo shi da ƙarfin da ke raguwa kashi huɗu duk sa'ad da nisa ya ninka biyu. Nan take Niyuton ya amsa cewa hanya ce mai kama da da'irar da aka ɗan matse, ya ce kuma ya riga ya lissafa. Aka nemi takardar aka rasa. Ya sake lissafin, ya aika wa Halley cikin Nuwamba. Daga nan abin ya kama shi, ya duƙufa fiye da shekara biyu, ba cin kirki, ba barcin kirki, har ya gama littafin da a ke kira Principia, cikin harshen Latin. Aka buga shi cikin 1687. Ƙungiyar masana ta Landan, wadda a ke kira Royal Society, ba ta da kuɗin bugawa, don ta kashe abin da ta ke da shi wajen buga wani littafin kifaye, sai Halley ya biya daga aljihunsa.

A farkon littafin ya kafa ƙa'idodin nan uku. Ga ma'anarsu a taƙaice. Ta fari, abin da ke tsaye zai zauna tsaye, mai tafiya kuma zai ci gaba sak da saurinsa, sai in wani ƙarfi ya taɓa shi. Ta biyu, canjin tafiya yana daidai da ƙarfin da aka sa, kuma ta wajen da ƙarfin ya nufa. Ta uku, duk abin da ya tura wani ko ya jawo shi, shi ma wancan yana tura shi ko jawo shi da ƙarfi daidai wa daida, ta ɗaya wajen. Bayan ƙa'idodin ya jera rassa shida da suka tsiro daga gare su. Reshe na huɗu shi ne abin da na ke so mu duba.

Mece ce cibiyar nauyi?

Ɗauki sanda ka ɗora ta a kwance bisa yatsanka, ka yi ta gusawa har ka sami wurin da ba ta rinjaya dama ko hagu. Nan cibiyar nauyinta ta ke. In rula ce, a tsakiya za ka same ta. In gatari ne ko fartanya, tana can kusa da ƙarfen. Ba tilas ne ta faɗa cikin jikin abin ba: cibiyar zobe da ta taya suna cikin ramin da babu kome. Abu biyu ma, ko goma, suna da cibiya guda ta tarayya, wadda ta fi kusa da mai nauyi. In yaro mai kilo 20 ya zauna a wannan baki na katako, mai kilo 40 ya zauna a wancan, tsakaninsu mita 3, cibiyarsu tana mita 2 daga ƙaramin, mita 1 daga babban, don 20 sau 2 daidai ya ke da 40 sau 1.

Ba Niyuton ya fara wannan ilmi ba. Arkimidis, Bagirken nan da ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta a kansa. Malaman Musulunci suka ɗora, kamar Ibnul Haisam wanda ya zauna Alƙahira, da Alhazini wanda ya rubuta Mizanul Hikma wajen 1121, littafi a kan sikeli da awo. Amma yawancin maganarsu a kan abin da ke tsaye ne. A zamanin Niyuton, Wren da Wallis na Ingila da Huygens na Holan sun binciki abin da ke faruwa in abu biyu suka yi karo, shi kuwa ya ambace su cikin littafinsa. Abin da ya yi shi ne ya tattara wannan duka a ƙarƙashin doka guda, wadda ta ci ƙwallo biyu, ta kuma ci rana da taurari.

Ga abin da reshe na huɗu ke nufi. In ka ware waɗansu abubuwa ka ɗauke su ƙungiya guda, duk turawa da jawowa da karo da su ke yi a junansu ba za su canja tafiyar cibiyar nauyinsu ba. In tana tsaye, tsaye za ta zauna. In tana tafiya, haka za ta ci gaba sak. Ba mai gusad da ita sai ƙarfin da ya zo daga waje. Dalilin yana cikin ƙa'ida ta uku. Ƙarfin ciki bibbiyu ya ke zuwa, kowane da abokinsa mai girma ɗaya, mai fuskantar ɗaya wajen, in ka tara su sai su share juna. Kamar gida ne: in wa ya ranta wa ƙanensa naira dubu, aljihun wannan ya ragu, na wancan ya ƙaru, amma dukiyar gidan tana nan yadda ta ke. Ba ta ƙaruwa sai kuɗi sun shigo daga waje.

Niyuton bai tsaya a kan tunani kaɗai ba, ya gwada. Ya rataya ƙwallaye da igiya mai tsawon ƙafa 10, ya sa suka yi ta karo, yana auna yadda kowace ta koma baya. Ya kuma sa maganaɗisu, watau mayen ƙarfe, cikin wani ɗan mazubi, ya sa guntun ƙarfe cikin wani, ya ɗora su kan ruwa marar motsi. Da suka haɗu sai suka tsaya cik, babu wanda ya tura wani. Hujjarsa ita ce, da jan ɗaya ya fi na ɗaya, da sun kama tafiya tare suna ƙara sauri har abada ba tare da kowa ya taɓa su ba, wannan kuwa ya saɓa wa ƙa'ida ta fari.

Misalai daga gida

Mu fara da kwalekwale. A ce mutum mai kilo 60 yana tsaye cikin kwalekwale mai kilo 120 a kan ruwa marar gudu, ya taka mita 3 daga baya zuwa goshi. Shi yana tsammani ya matso gaɓa da mita 3. Mai kallo daga tudu kuwa zai ga ya matso mita 2 kaɗai, kwalekwalen ya ja baya mita 1. Lissafin katakon nan ne na ɗazu, 60 sau 2 daidai da 120 sau 1. Mutum ya motsa, jirgi ya motsa, cibiyarsu ba ta je ko'ina ba.

Sai mota. Duk wanda ya saba da hanyoyin ƙauyukanmu da damina ya ga mota ta kafe a taɓo. Direba ya taka mai, inji na ruri, taya na juyawa, mota ba ta gusa ko taki ɗaya. In fasinja goma sha takwas suka taru suka yi ta tura kujerar gaba daga ciki, aikin banza ne, don hannuwansu na tura motar gaba, ƙafafunsu na tura ta baya. Tilas su sauka su kafa ƙafa a ƙasa, ko a zuba duwatsu da itace ƙarƙashin taya. Ashe inji duk ƙarfinsa na ciki ne, aikinsa ya juya taya. Taya ta tura hanya baya, hanya ta tura taya gaba, wannan turawa ta hanya ita ce mai tafiyad da mota.

Haka birki. Birki ma ƙarfin ciki ne, iyakarsa ya riƙe taya. Mai tsayad da mota shi ne kamun da ke tsakanin taya da kwalta. In taya ta suɗe, ruwan sama kuma ya jiƙa hanya, kamun ya ragu ƙwarai, sai direba ya danne birki har ƙasa mota kuwa ta ci gaba da sulɓi sak, yadda ƙa'ida ta fari ta faɗa. Mu da mu ke zaune a mahaɗar hanyoyin Kaduna da Lakwaja da birnin Abuja, inda manyan motoci ke wucewa dare da rana, wannan ba maganar jarrabawa ba ce kaɗai. Ku dubi kuma motocin da ke shigowa kasuwar kayan marmari an labta musu kaya har sama. Tsawon lodi yana ɗaga cibiyar nauyi, in ta yi sama kuwa, ɗan karkata kaɗan a kwana ya isa ya fitad da ita daga tsakanin tayoyi, sai kifewa.

Yanzu ga tambayar da ta kan kā da sabon malami. Yaro mai wayo zai ɗaga hannu ya ce, in sa na jan amalanke, amalanke kuma na jan sa da ƙarfi ɗaya, yaya a ke yi su ke tafiya? Amsar tana wajen shinge. Kafin ka ce wannan ƙarfi na ciki ne ko na waje, sai ka faɗi abin da ka kewaye. In amalanke kaɗai ka kewaye, jan sa daga waje ya zo, jan da amalanke ke yi kuwa a jikin sa ya ke, ba ya cikin lissafinka. In ka kewaye sa da amalanke tare, jan juna ya zama na ciki, ya share kansa, saura turawar da ƙasa ke yi wa kofaton sa zuwa gaba, da riƙon da ta ke yi wa tayoyi zuwa baya. In na fari ya rinjayi na biyu, sai tafiya ta tashi. Ƙarfi guda ya kan zama na ciki ko na waje gwargwadon inda ka ja shinge. Niyuton da kansa ya kawo misalin doki mai jan dutse da igiya.

Ku lura da mata in suna lugude. Mace ta wurga taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. Ko taɓaryar ta ɗan karkata a iska, cibiyarta sama ta ke zuwa ta sauko kamar an jefa tsakuwa. Jefa gatari can nesa, za ka ga ƙota da ƙarfe suna wulwulawa, ido ba ya iya bin su, amma akwai wuri guda kusa da ƙarfen wanda ke bin lanƙwasa mai kyau. Da ya bar hannunka babu mai iko da cibiyarsa sai jan ƙasa da ɗan riƙon iska. Bindigar maharbi ma haka: harsashi marar nauyi ya yi gaba da tsananin gudu, bindiga mai nauyi ta yi baya a hankali, ta doki kafaɗa.

Masu tsallen bisa a filin wasanninmu su ma su saurara. Da zarar ƙafarka ta bar ƙasa, hanyar cibiyarka ta riga ta yanku, ba wani mutsu-mutsu da zai ƙara mata ko ɗan yatsa. Abin da ya rage maka shi ne yadda za ka shirya gaɓoɓinka kewaye da ita. Dick Fosbury na Amurka ya ci zinariya a wasannin Olamfik na Meziko cikin 1968, ya tsallake mita 2.24 da baya, yana gantsarewa, jikinsa na ƙetare sandar gaɓa gaɓa. Mai irin wannan tsalle cibiyarsa ba ta bukatar hawa can sama da sandar kamar ta mai tsalle a miƙe.

Daga ƙasa zuwa sama

A kashi na uku na littafin, Niyuton ya kai wannan doka sama. Mu kan ce wata na kewaya duniya. Gaskiyar magana, su biyun suna kewaya cibiyarsu ta tarayya. Duniya ta ninka wata sau 81 a nauyi, tsakaninsu wajen kilomita 384,000. Raba wannan nisa kashi 82, kashi ɗaya shi ne nisan cibiyar daga tsakiyar duniya, watau wajen kilomita 4,700. Daga tsakiyar duniya zuwa bayanta wajen kilomita 6,400 ne, saboda haka cibiyar tana cikin ƙasa, wajen kilomita 1,700 ƙarƙashin ƙafafunmu. Ita ce ke bin hanya mai kyau kewaye da rana, gama jan rana shi ne ƙarfin waje, duniya kuwa tana ɗan rangaji a gefenta kowane wata. A nan Niyuton ya yi kuskuren awo, ya ce duniya ta ninka wata wajen sau 40 ne. Dokarsa daidai ta ke, awon ne na baya suka gyara.

Ya kuma nuna cewa rana ita kanta ba a kafe ta ke ba. Ta ninka tauraron Mushtari sau dubu da 'yan kai, amma yana da nisa ƙwarai, har cibiyarsu ta faɗa a waje kaɗan da jikin rana, tana kewaya ta cikin wajen shekara 12. Da irin wannan rangaji na tauraro Michel Mayor da Didier Queloz na Suwizalan suka gano cikin 1995 cewa wata duniya na kewaya wani tauraro mai kama da ranarmu, ba tare da sun gan ta da ido ba. Aka ba su lambar Nobel cikin 2019. Roka kuma da ta ɗauki tauraron ɗan'adam na Nijeriya na fari, NigeriaSat-1, daga Rasha cikin Satumba, 2003, bindigar maharbin nan ce ta girma. Ba iska ta ke tokara ba. Tana watsa hayaƙi mai zafi baya, ita kuma ta yi gaba.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan littafin sunansa ya cika Turai. Cikin 1689 jami'arsa ta zaɓe shi wakili a majalisar dokokin Ingila. Cikin 1693 ya yi wata rashin lafiya ta rashin barci da ruɗewar tunani, ya warke. Cikin 1696 ya koma Landan, aka ba shi kula da gidan buga kuɗi, ya zama shugabansa cikin 1699. Ana tsammani zai riƙe aikin da suna ne kawai, sai ya tasam ma masu buga kuɗin jabu, yana yi musu tambayoyi da kansa, har aka rataye wani gawurtaccensu, William Chaloner, cikin 1699. Ya zama shugaban ƙungiyar masana cikin 1703, ya riƙe ta har ya rasu. Ya fitad da littafinsa na haske cikin 1704. Cikin 1705 Sarauniya Anne ta ba shi sarautar Sir.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Mutum ne wanda ba ya jure suka, ba ya kuma manta ƙiyayya. Ya yi shekaru yana jayayya da Robert Hooke. Ya yi babbar rigima da Leibniz na Jamus a kan wanda ya fara gano kalkulas, har cikin 1712 ƙungiyarsa ta kafa kwamitin bincike, shi kuwa ya rubuta hukuncin a ɓoye, ya ba kansa gaskiya. Masana tarihi yanzu sun yarda kowannensu ya gano abinsa ne shi kaɗai. Ya kuma ɓad da shekaru masu yawa a kan alkimiya, tsohon ilmin nan na neman juya ƙarafa.

Bai taɓa aure ba. Ya rasu ran 20 ga Maris, 1727, bisa tsohon lissafi, yana da shekara 84, aka binne shi a majami'ar Westminster inda a ke binne sarakunan Ingila a wancan zamani. Don ku gane zamanin, shekara 27 ke nan kafin haihuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo cikin 1754. Yana kuma zamani ɗaya da masanin lissafin nan na Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi cikin 1732, ya rasu a Alƙahira cikin 1741. Ma'aunin ƙarfi da ku ke rubutawa da harafin N a darasin kimiyya sunansa aka ba shi.

Shawara ga masu shirin fita koyarwa

Kada wani ya ce makarantarsa ba ta da ɗakin gwaji. Ku nemi babban daro ku cika da ruwa, ku bar shi ya kwanta. Ku samo ƙoƙo biyu ƙanana, ku sa mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo cikin ɗaya, ku sa ƙusa cikin ɗaya, ku ɗora su kan ruwa kusa da juna, ku sake su a hankali. Kafin ku sake, ku tambayi yara wanne zai je wurin wani. Yawancinsu za su ce ƙusa ce kaɗai za ta tafi. Sai su ga duka biyu sun taso, marar nauyi ya fi cin tafiya, suna haɗuwa kuma su tsaya. Gwajin Niyuton ke nan, kuɗinsa bai kai na alli ba. Bayan haka ku fitad da su fili su jefa sanda mai ƙullin tsumma a cibiyarta, su bi tsumman da ido. Sa'an nan ku kawo tambayar sa da amalanke, ku bar su su yi gardama, kada ku yi saurin ba da amsa. In sun gaji, ku zana shingen a allo, ku tambaye su me ke ciki, me ke waje.

In kuma wata rana kuka duba rajista kuka ga wani yaro mai shiru, mai son ƙere-ƙere, ya daina zuwa don an tura shi gona ko talla, ku tuna da abin da malamin Grantham ya yi cikin 1660, ku sa takalmanku ku tafi gidansu.